Kalmar Wannan Wata: appease

Da yawa cikinmu suna tahiya Jibiya, Katsina ko Kano cin rani ko saida bisashe. Can kuwa Ingilishi ake yi a ofis da makaranta. Shi ya sa wannan wata munka ɗauko kalmar Ingilishi.

Harafinta bakwai: appease. Ana faɗin ta "apiz". Ma'anarta lallashi, wato sanyaya zuciyar mai hushi. Wanda ya yi lakwal zai gane ta da wuri, don daga Faransanci anka aro ta. Ƴar uwar apaiser ce, tushensu guda da paix, wato zaman lahiya.

Ga misali. Shanu sun shiga gona, sun ci gero. Mai gona ya taso da sanda. Makiyayi ya zo da dattijo, ya ba da haƙuri, anka duba ɓarna, ya biya. Hushi ya kwanta. Abin da makiyayi ya yi ma mai gona, shi ne appease.

Amma kalmar tana da wata huska. A shekarar 1938, Hitila na Jamus ya ce sai an ba shi wani yanki na ƙasar Cekoslobakiya. Shugaban gwamnatin Ingila, Cembalen, da na Faransa, Daladiye, sunka tahi birnin Munik, sunka sa hannu don gudun yaƙi. Masu ƙasar ba a ko zauna da su ba. A watan Maris 1939 sojan Hitila sunka shiga Prag, babban birnin ƙasar. A watan Satumba sunka faɗa ma Polan, yaƙin duniya na biyu ya tashi. Tun sannan, in an jihi ɗan siyasa da wannan kalma, zargi ne: ya ba azzalumi abin da ba nashi ba.

To, mu rarrabe. Wanda anka ɓata ma rai, a lallashe shi, ba faɗuwa ba ce. Amma mai nome burtali, ko mai sakin shanu cikin gona da gangan, kyauta ba ta tsai da shi. Gobe zai ƙara. A kai maganarshi wurin mai gari.

Aikin gida: kowa ya rubuta kalmar sau biyar, ya kawo misali guda daga garinsu ranar karatu. Allah ya ba mu zaman lahiya.