Kyaftin ma bai fi ƙarfin doka ba

A Kasuwar Singa, tsakanin buhunan sukari da kwalayen taliya, hirar Kano Pillars ba ta yankewa, kuma ba a taɓa Rabi'u Ali a zauna lafiya. Amma a Yunin 2019, a wasannin rufe kaka a filin Agege na Legas, bayan kunnen doki da Enugu Rangers, Rabi'u, kyaftin ɗin Pillars, ya tunkari alƙalin wasa, magoya baya suka kutsa fili. Aka dakatar da shi wasa 12, aka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8.

An yi tsanani? Ina! Yaron shago, komai iya cinikinsa, ranar da ya ci mutuncin mai saye, maigida ba ya ɗaga masa ƙafa. Hukuncin ya yi daidai.