Dillali Ba Mai Kaya Ba Ne

Jama'a, kowane ɗan kasuwa ya san aikin dillali. Shi ne ke kai da kawowa tsakanin mai saye da mai sayarwa har taya ta yi kusa, amma kalmar "na sallama" daga bakin mai kaya take fitowa. To, haka kwamitin majalisa yake.

In Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai suka saɓa a kan wata doka, sai kowacce ta zaɓi 'yan mutane kaɗan su zauna su daidaita. Wannan ba laifi ba ne, gama mutum 469 ba su iya gyara magana layi layi a zaure guda. Laifin yana zuwa ne ran da dillali ya ɗauki kansa mai kaya.

An taɓa yi. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, majalisun biyu suka rabu a kan rabon kuɗin ƙasa tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Aka miƙa maganar ga kwamitin haɗin gwiwa na sha'anin kuɗi. Kwamiti ya jefa ƙuri'a, aka wuce da takarda wurin Shugaba kai tsaye, ya sa hannu, alhali kuwa ba a komar da ita zauren kowace majalisa ba. Jihar Bendel, watau Edo da Delta na yanzu, wadda Gwamna Ambrose Alli na jam'iyyar hamayya ta UPN ke mulki, ta kai ƙara Kotun Ƙoli. Alƙalai a ƙarƙashin Babban Joji Fatayi-Williams suka ce wannan ba doka ba ce, suka soke ta.

Da aka koma zaure aka sāke, rabon Tarayya ya sauko daga kashi 58.5 cikin ɗari zuwa 55, na jihohi ya hau daga 31.5 zuwa 35. Kada ku raina wannan ragi. Kuɗin rijiya ne da ɗakin shan magani da hanyar da mota ke bi ta kai gyaɗa kasuwa.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 62, ya hana majalisa ta bar wa kwamiti ikon zartar da doka. Amma rahoton kwamiti yakan shigo zaure, a tambayi masu "i" da masu "a'a", a buga guduma kafin rabin wakilai su buɗe shafin farko. Saboda haka muna neman a riƙa buga sunayen 'yan kowane kwamitin daidaitawa, da abin da suka cire da abin da suka ƙara, da Hausa, tun kafin ranar ƙuri'a. Rassanmu na kasuwanni su rubuta wa wakilan mazaɓunsu wannan buƙata, su kuma nemi amsa a rubuce.