Sharhi: Littattafan Sanin Kai a Zangon Parakou da Djougou

Littattafan da ke bayani a kan ɓoyayyen sashen zuciyar ɗan Adam, wato abin da ke juya mutum ba da saninsa ba, ta hanya biyu suka iso unguwannin Zango na Parakou da Djougou a arewacin Jamhuriyar Benin. Ta farko ita ce hanyar fatake, wadda ta taso daga Kano ta ratsa Borgu da Djougou zuwa Gwanja neman goro, malamai na biye da ayari da littattafan Larabci a gafaka. Ta biyu ita ce ta boko da Faransanci, wadda ta ƙara faɗi tun da aka buɗe Jami'ar Parakou a 2001. Shi ya sa a gida guda ana iya samun uba yana karatun Ihya'u na Imamu Gazali a zaure, ɗansa kuwa yana fama da Freud saboda jarrabawar falsafa.

A ɓangaren zaure, maganar tana farawa tun daga Ahalari, ɗan littafin fiƙihun nan da almajiri ke buɗewa bayan ya yi nisa a allo. Kafin a kai ga alwala da salla, gabatarwarsa na jan kunne a kan girman kai, jiji da kai, riya da hassada. Malamai kan haɗa wannan da matakan rai guda uku da Alƙur'ani ya ambata: mai umarni da mugun aiki, mai zargin kanta, da natsattsiya. Daga cikin waɗanda suka fara zurfafa bincike a wannan fanni akwai Harisul Muhasibi na Bagadaza, wanda ya rasu a 857, a littafinsa Arri'aya, inda ya koyar da yadda mutum zai riƙa yi wa kansa hisabi. Daga baya Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa Ihya'u Ulumiddini kashi huɗu, ya buɗe na uku, mai magana a kan halaye masu halakarwa, da babin abubuwan al'ajabin zuciya. A ƙasar Hausa kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi wannan sawu a Ulumul Mu'amala, ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya bi shi a Tahzibul Insan.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a Ihya'u shi ne bayanin ɓoyayyiyar riya. Gazali ya nuna cewa mutum na iya ɓoye ibadarsa tsaf, amma sai ya tsinci kansa yana jiran a riga shi sallama, a ba shi wuri a majalisa, ko a yi masa rangwame a ciniki, in ba a yi ba ransa ya sosu. Wannan ɓacin ran shi ne shaidar abin da ke kwance a ƙasa. Ya kuma kawo labarin wani bawan Allah da ya shekara 30 yana salla a sahun farko, ran da ya makara ya tsaya a na biyu sai ya ji kunyar idon jama'a, a nan ya gane cewa duk tsawon shekarun nan kallon mutane na cikin abin da ke kai shi gaba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jin zafi don ba a kira shi Alhaji ba ya san inda maganar ta dosa.

Sai dai littafin da ya fi yawo a hannun jama'a shi ne na fassarar mafarki da ake jingina wa Muhammadu Ibn Sirin na Basra, ko da yake masana da dama na ganin bayansa aka tattara shi. Mutane kan buɗe shi su duba maciji, su duba ruwa, su rufe. Alhali labaran da ake bayarwa a kan Ibn Sirin sun nuna mai mafarkin yake dubawa tukuna: mutum biyu sun zo masa da mafarkin kiran salla, ya yi wa ɗaya albishir da aikin hajji, ya tuhumi ɗayan da sata. Hadisi ma ya kasa mafarki uku, na ukun shi ne zancen zuci, abin da mutum ya wuni da shi a ransa.

A kan irin wannan kashi na uku ne Sigmund Freud, likita a birnin Biyana, ya ɗora gininsa. A littafinsa na fassarar mafarki mai ɗauke da shekarar 1900, ya ce mafarki buri ne da aka danne, ya sake kama ya fito cikin barci. A 1901 ya ƙara da cewa suɓul da baka da mantuwar suna ma ba banza suke faruwa ba. Carl Jung na Zurich, wanda suka raba gari da shi a 1913, ya ce ƙarƙashin abin da kowa ya danne akwai wani gado na siffofi da tatsuniyoyi da 'yan Adam suka yi tarayya a kai. Mai fassarar mafarki na gargajiya gaba yake hange, Freud kuwa baya yake waiwaya, zuwa ƙuruciya. Saboda haka wanda ya fi kusa da shi a zaure shi ne Gazali, domin dukansu sun yarda cewa mutum na yaudarar kansa da kyawawan dalilai. Inda suka rabu shi ne manufa: Gazali tsira a lahira yake nema, Freud kuwa sauƙi ga majinyaci.

Ba duk abin da Freud ya faɗa ya tsaya da ƙafarsa ba. Ra'ayinsa na kishi tsakanin ɗa da uba a kan uwa ya taso ne daga ƙaramin iyalin Turai. A 1966 Marie-Cécile da Edmond Ortigues, bayan aiki a asibitin Fann na Dakar, sun wallafa cewa a can gasar ta fi karkata tsakanin 'yan'uwa da tsara. Wannan ya fi kama da gidan Zango, inda ake kunyar ɗan fari, kaka ko goggo ta ɗauki riƙo, 'yan uba kuma na zaune a tsakar gida ɗaya. Ainihin maganar dai, cewa mutum bai san dalilan aikinsa duka ba, gwaji ya tabbatar da ita. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun jera safa huɗu iri ɗaya sak, masu zaɓe suka fi ɗaukar ta hannun dama, da aka tambaye su dalili sai suka riƙa yabon ingancinta.

Akwai kuma rukuni na uku, littattafan ƙarfafa gwiwa irin na Joseph Murphy na 1963, masu cewa nanata buri a zuci zai jawo dukiya da lafiya. Su ne masu sauƙin karatu, su ne kuma masu raunin hujja, don suna ɗora wa talaka da maras lafiya laifin halin da yake ciki.

Kowane rukuni aka ɗauka, littafi na taimaka wa mai lafiya ne ya binciki kansa. Wanda ya daina barci, ko yake jin muryoyi, ko ya yanke ƙauna da rayuwa, likita yake buƙata. Ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin da ya fara da sana'ar facin taya, tana da cibiyar masu taɓin hankali a Djougou, akwai kuma asibitin Jacquot a Kwatano. Iyalan da ke da irin wannan majinyaci su kai shi a duba shi, kada a ɗaure shi a ɗaki.