Kyamara Ba Ta San Fari Ba

Mai sayen shadda a Kantin Kwari ba ya yarda da launin da ya gani a cikin shago. Sai ya ɗauki yadin ya fito bakin ƙofa, ya ɗaga shi ga rana, ya juya shi, sannan a shiga ciniki. Ko da bai taɓa zama a ajin kimiyya ba, ya san cewa launin tufa ya dogara ga hasken da ya sauka a kanta. Yanzu da ciniki ya koma WhatsApp da Instagram, babu bakin ƙofar da za a fita. Mace a Kaduna ko Maraɗi ta ga leshi ruwan zuma a hoto, ta tura kuɗi, aka aiko mata da abin da ta kira ruwan goro. Ɗan kasuwa ya rantse shi ne wanda ya ɗauka, ita ma ta rantse ba shi ta gani ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Tsakaninsu akwai kyamarar da aka bar wa haruffa uku, AWB, wato ta daidaita fari da kanta.

Wannan saiti na otomatik ya zama addinin masu ɗaukar hoto da yawa, har da waɗanda ake biya kuɗi masu kauri a wurin biki da masu ɗaukar finafinai. Hujjarsu guda ce: na'urar zamani ta fi mutum sani. Hujjar ba ta da ƙafa, kuma ana ganin haka da zarar an san abin da na'urar take yi idan an sakar mata ragama.

Maƙeri ya riga malaman kimiyya gano asalin maganar. Idan ya tura ƙarfe cikin wuta aka yi ta zuga, ƙarfen yakan fara da ja mai duhu, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya, har ya kusa yin fari. Da zai jure zafin da ya wuce haka bai narke ba, da farin nasa ya soma ratsin shuɗi. Kowane mataki na zafi da launinsa, shi ya sa ake iya ba launin haske lamba. Ma'aunin da ake amfani da shi na William Thomson ne, malamin Jami'ar Glasgow wanda aka naɗa Lord Kelvin a 1892. A 1848 ya kawo ma'aunin zafi da ya faro daga sanyin da babu na ƙasa da shi, digiri 273.15 ƙasa da daskarewar ruwa. Harafin K da ke cikin kyamara daga sunansa aka ɗauko shi. Harshen kyandir yana kusa da 1,900. Tsohon ƙwan lantarki mai zaren tangistin yana wajen 2,700, fitilun ɗakin ɗaukar fim na da kuma 3,200. Rana tsaka tana tsakanin 5,500 da 5,600. Idan hadari ya rufe sama lambar takan haura 6,500, a inuwar gini kuma, inda shuɗin sama kaɗai ke haskawa, takan kai 7,000 ko 8,000.

Idon mutum ba ya lura da wannan tazara mai faɗi, domin ƙwaƙwalwa tana cire launin haske ba tare da an sa ta ba. Farar takarda fara ce a gaban kyandir, fara ce da azahar. Amma ƙwaƙwalwar ma takan yi tuntuɓe. A watan Fabrairun 2015 duniya ta rabu biyu a kan hoton wata riga a intanet, wasu na cewa fara ce da ruwan zinariya, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi. Shuɗiya ce da baƙi. Kowane ɓangare ƙwaƙwalwarsa ta yi hasashen irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki, ta cire shi, ta samu amsa daban. Idan ɗan Adam, wanda ya san mene ne riga kuma ya san mene ne inuwa, zai iya ɓata haka, ina ga na'urar da abin da take gani lambobi ne kawai?

Na'urar hasashe take yi. Tsohuwar dabarar da aka gina saitin otomatik a kai tana ɗauka cewa idan aka gauraya dukkan launukan da ke cikin hoto za a samu ruwan toka. Idan gaurayen ya karkata zuwa ja, sai ta ce hasken ne ja, ta zuba shuɗi don ta kashe shi. Kyamarorin yau sun ƙara wayo, suna neman wuri mafi fari, suna gane fuska, suna kwatanta abin da suka gani da dubban misalan da aka cusa musu. Duk da haka matsalar tana nan yadda take: kyamara ba ta da tabbacin ko jan da ta gani daga fitila yake ko daga tufa. A titin da ke da sama da kwalta da bishiya da bango, hasashen yakan faɗa daidai. A zauren biki kuwa, inda ƙawayen amarya ashirin suka sha anko ja, aka lulluɓe bango da jan kyalle, sai na'ura ta yanke hukuncin cewa jan ya yi yawa, ta ja hoton zuwa shuɗi da kore. Ankon ya dusashe, lallen amarya ya koma kamar tsatsa, fuskoki su yi furu-furu kamar na wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba. A bidiyo abin ya fi muni, domin hasashen yana canzawa kyamara na tafiya. Ta bar mata masu jan anko ta juya kan maza masu fararen kaftani, launin bango guda ya sauya a gaban idon mai kallo cikin daƙiƙa biyu. Duk wanda ya saba kallon finafinan da aka ɗauka cikin gaggawa ya ga falo ɗaya ya zama rawaya idan miji na magana, ya zama shuɗi idan mata ta amsa.

A kan fata baƙa ɓarnar ta fi fitowa, kuma akwai dalili. Hasken da ke dawowa daga fuska iri biyu ne: wanda ya shiga fata ya fito da launinta, da ƙyallin da ya tsaya a sama ya dawo da launin fitila. Fata mai duhu tana shanye kaso mai yawa na na farkon, saboda haka ƙyallin goshi da kunci ya fi rinjaye a cikin abin da kyamara take gani. Ƙaramin kuskuren da zai ɓuya a farar fuska sai ya zauna ɓaro-ɓaro a baƙa, ko a wankan tarwaɗa.

Masu cewa na'ura ba ta nuna bambanci ya kamata su san tarihin sana'arsu. Daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi aka riƙa saita injin buga hoto. Idan fatar Baturiyar ta fito daidai, an gama. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada, a binciken da ta wallafa a 2009, ta nuna cewa matsin da ya sa aka gyara fim ya iya rarrabe launuka masu duhu ya zo ne daga masu sayar da kayan katako da masu cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 katin ya zo da mata masu launin fata daban-daban. Ko a 2021, da Google ya fito da wayar Pixel 6, cikin abin da ya yi tallarsa har da gyaran da ya yi wa daidaita fari na otomatik domin fata mai duhu. Kamfani ba ya gyara abin da ba shi da aibi. Mai ɗaukar hoto a Kano ko Damagaram da ya bar kyamararsa a otomatik ya miƙa fuskar abokin cinikinsa ga shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke a wata ƙasa, da wasu fuskoki a gabansu.

Maganin ba shi da tsada, yana cikin kyamarar da aka riga aka saya. A kyamarorin Canon da Nikon ana zaɓar K a saitin daidaita fari, a murza lamba tsakanin 2,500 da 10,000. Wayoyin Samsung da dama suna da shi a sashen ƙwararru na kyamararsu, manhajar Blackmagic Camera kuma, wadda ta fito kyauta a 2023, tana ba da shi ga mai bidiyo. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne alkibla. Lambar da aka sa bayani ne ga kyamara game da hasken da ke wurin, ita kuma sai ta zuba kishiyarsa. Idan aka ce mata 3,200 ta ɗauka hasken ja-ja ne, sai ta ƙara shuɗi. Idan aka ce mata 7,500 ta ɗauka hasken shuɗi ne, sai ta ƙara ruwan goro. Don haka ɗaga lamba yana ɗumama hoto, sauke ta yana sanyaya shi, akasin yadda jadawalin ya nuna. Wanda ya bar kyamara a 5,600 ya shiga ɗaki mai ƙwan tangistin zai fito da hoto ruwan goro, wanda ya bar ta a 3,200 ya fita rana zai samu duniya shuɗiya.

Matakan ma ba daidai suke ba. Masu sana'a suna raba miliyan ɗaya da lambar don su ga girman canjin da ido zai gani. Daga 2,700 zuwa 3,200 tazarar ta kai 58 a wannan lissafi, daga 6,500 zuwa 7,000 kuwa 11 ce kacal. Ɗari biyar ɗin iri ɗaya ce a rubuce, amma ta ninka sau biyar a ƙasa. Shi ya sa kuskure kaɗan a cikin ɗaki da dare yake ɓata fuska, alhali irinsa a inuwa da rana ba ya damun kowa.

Amsar da aka fi ji ita ce za a gyara a kwamfuta. Ga wanda yake ɗauka a tsarin RAW akwai gaskiya a ciki, domin a can daidaita fari alama ce kawai da aka liƙa wa hoton, ana iya sauya ta ba tare da asara ba, kuma kowane launi yana da matakai 4,096 ko 16,384. Amma nawa ne suke ɗauka a RAW? Hoton biki da ake so a buga kafin a tashi taro JPEG ne, hoton ɗan kasuwa JPEG ne, kuma bidiyon yawancin ƙananan kyamarori a matse yake fitowa, matakai 256 ga kowane launi. A nan an riga an dafa launin. Ƙoƙarin janyo shi daga baya yana yayyaga inuwar fuska, ya bar ta dabbare-dabbare. Ko a RAW ɗin, hotuna ɗari huɗu da aka ɗauka da lamba guda ana gyara su da taɓawa ɗaya, waɗanda otomatik ya ba kowanne nasa launi kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun ran gini ran zane, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai inda otomatik ya cancanci a bar shi. Ɗan jaridar da ke bin zanga-zanga daga rana zuwa inuwa zuwa cikin mota ba shi da lokacin murza lamba, hoto mai ɗan ratsi ya fi hoton da bai samu ba. Lambar K ɗin ma ba ta warkar da komai. Tana tafiya ne a kan layi ɗaya, daga ruwan goro zuwa shuɗi, alhali doguwar fitila mai tururin zaiba da ƙwayayen LED masu araha suna zubo kore da ba ya kan wannan layi. Abin da aka rubuta a kwalinsu, 6,500 ko 3,000, kwatance ne kawai, sai an koma saiti na biyu an tura hoton zuwa ja mai ratsin shunayya kafin koren ya fita. Zauren da ya haɗa hasken taga da farin LED da rawayar fitilar ado kuwa babu lambar da za ta gamsar da su duka. Sai dai a kashe wasu, ko a sa wa filasha ledar launi ta dace da na ɗakin, ko a zaɓi hasken da ya faɗa kan fuskar amarya a saita da shi, bango ya yi yadda ya ga dama. Amma wannan zaɓi ne da mutum ya yi yana sane, kuma zai iya kāre shi idan uwar amarya ta tambaya.

Masu haddace jadawali su ma ba su tsira ba. Jadawali yana ba da wurin farawa, ido da kati mai ruwan toka su ke ƙarasawa. Wanda ba shi da kati ya nemi farin abu ya yi hattara da wanda ya zaɓa: farar takardar ofis da kaftanin da aka ɗauraye da bula duk sun karkata zuwa shuɗi, idan aka saita da su hoton gaba ɗaya zai yi rawaya.

Wani lokaci ma farin gaskiya ba shi ake nema ba. Hasken la'asar sakaliya, da jan da ke sauka kan ganuwa gab da magariba, da hazon hunturu da ke mayar da rana kamar faifan tagulla a watan Janairu, duk otomatik yana ɗaukar su a matsayin kuskuren da ya kamata ya goge, kuma yakan goge mafi yawansu. Mai ɗaukar hoton da ya tsayar da kyamararsa a 5,500 a irin wannan lokaci zai dawo gida da yammacin kamar yadda ya gan shi, idan ya ɗaga zuwa 6,500 kuma jan ya ƙara nuna.