"Kawo In Ajiye Maka": Darasin Da Muke Koya Wa Yara Kan Kuɗi Ba Mu Sani Ba



Da wuya a sami gidan da ba a san wannan magana ba. Yaro ya dawo yawon Sallah da 'yan kuɗinsa a aljihu, uwa ko uba ya miƙa hannu ya ce kawo in ajiye maka. Bayan sati biyu yaro ya tambayi ajiyarsa, sai a ce masa kayan Sallar da ka sa da me aka saya? A wajen manya abin dariya ne. A wajen yaro kuwa darasi ne, domin ya gane cewa kuɗin da ka ba da ajiya sun tafi ke nan, wanda ka kashe nan take shi ne naka. Idan ya girma ya zama mai kashe-kashe sai mu ce yaran zamani ba su da tattali, alhali a gida ya koyo.

Ra'ayina shi ne, nasiha kaɗai ba ta koya wa yaro riƙon kuɗi. Sai an ba shi kuɗin a hannu, an bar shi ya yi lissafi, ya yi kuskure tun kuskuren na naira ɗari biyu ne, sannan mu manya mu riƙe masa amana idan ya ba mu ajiya.

Zamanin da yaranmu suka taso a ciki ba ya yafe wa wanda bai iya lissafi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kayan masarufi suka tashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato abin da aka saya naira 10,000 shekara guda kafin nan sai an ba da wajen 13,500 a lokacin. Ga kuma waya a hannun kowane matashi, cikinta akwai cacar ƙwallo, akwai manhajojin bashi masu bi da cin mutunci, akwai masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, bayan sama da shekara takwas CBEX ta sake yin irin wannan aika-aika a Afrilun 2025. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu digiri da manyan 'yan kasuwa. Karatun boko kaɗai bai hana su faɗawa ba, domin ba a saba musu da tambayar daga ina ribar take fitowa ba.

To ta ina za a fara? A fara da amana. Idan yaro ya ba ka ajiyar naira 3,000, ɗauki littafi ka rubuta a gabansa, da rana da adadi. Idan buƙata ta taso ka taɓa, gaya masa ka ranta, kuma ka biya ranar da ka ce. Yaron da ya ga ajiyarsa ta dawo cif-cif shi ne zai yarda cewa tanadi yana da amfani, kuma daga nan ya koyi cewa bashi abin biya ne ko da tsakanin ɗa da uba.

Na biyu, kuɗin tara. Maimakon a riƙa ba ɗan shekara goma naira 200 kullum, a gwada ba shi naira 1,000 ranar Litinin a ce ta kai shi Juma'a. Sati na farko mai yiwuwa ranar Laraba ya cinye. A nan ne aikin yake: kada a ƙara masa. Ya karya a gida, ya tafi da abincinsa, amma ya ji yadda ake kallon alewa babu halin saye. Kwana biyun nan za su koya masa abin da faɗan shekara ba zai koya masa ba. Idan ya fara iya ragewa, a nuna masa lissafi: naira 50 a kowace ranar makaranta, cikin zangon karatu na sati 13 ta zama 3,250. A bar shi ya zaɓi abin da yake tara wa, ko ƙwallo ko takalmi, domin tanadin da ba shi da manufa bai cika daɗewa ba.

Na uku, a sa su cikin cefane. A ba yarinya ko yaro naira 2,000 da jerin kayan miya, a ce ya tayo, ya yi ciniki, ya dawo da canji da bayani. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da sayayya da dama ta koma taransfa da POS. Yaron da kullum yake ganin an sa kati kuɗi sun fito yana iya ɗauka katin ne ke haihuwar kuɗi. A nuna masa alat ɗin da ya shigo, ya ga an cire, ya ga abin da ya rage.

Sai dai asusu kaɗai bai isa ba. Kuɗin da aka kulle shekara guda a cikin asusu suna fitowa da ƙarancin daraja saboda tsadar kaya. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa a ƙauye ake saya wa yaro kaza, ta yi 'ya'ya a sayar a sayi akuya. A birni ma akwai kwatankwacin haka. Aliko Dangote ya sha ba da labarin yadda yake sayen kwalin alewa yana sayarwa tun yana firamare. Maƙwabtanmu Ibo kuwa suna da tsarin da yaro ke zama shekaru a shagon ubangidansa yana koyon ciniki da rubuta shiga da fita, a ƙarshe a sallame shi da jari. Mu ma muna da yaron shago, abin da ya kamata mu ƙara shi ne rubutu da tsayayyen wa'adi. Ɗan da mahaifinsa ke da rumfa a Mile 12 ko Sabo ta Ibadan, idan an yi hutu ya zauna kusa da shi, a nuna masa bambancin uwar kuɗi da riba. Ba ina nufin a ɗora wa yarinya talla a lokacin makaranta ba. Wannan cutarwa ce, kuma kuɗin ma ba ita ke riƙewa ba balle ta koyi wani abu.

Idan yaro ya tasa, a kai shi banki a buɗe masa asusun yara yana gani. Mai gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi, akwai Jaiz da ya fara aiki a 2012, ga TAJ da Lotus. A bayyana masa cewa banki mai lasisi yana ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Najeriya, kuma hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Kamfanin da ke WhatsApp yana alkawarin ninka kuɗi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na san wasu za su ce wannan zai sa wa yaro son kuɗi. Yaro dai zai haɗu da kuɗi ko mun so ko mun ƙi, abin da ya rage shi ne wa zai fara koya masa, mu ko abokan layi. Kuma cikin darasin akwai kyauta. Idan ya raba kuɗinsa uku, na kashewa da na ajiya da na taimako, ya ba almajiri ko ya sa a gidauniyar marar lafiya da hannunsa, zai san daɗin bayarwa daga abin da yake nasa. Wasu kuma za su ce mai neman abin sawa a baki ina ya ga na ba yaro? Da naira 50 ma ana koyon wannan, kuma ɗan talaka ya fi kowa buƙatarsa, tun da idan ya yi asara babu mai cike masa.

A ƙarshe, yara sun fi kwaikwayon abin da suka gani a kan abin da aka faɗa musu. Uwar da ta kwashi adashi ta zuba a anko alhali kuɗin makaranta na jira, da uban da ke cewa a gaya wa mai bin bashi ba ya nan, duk karatu suke bayarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan satin kowa ya sami ƙaramin littafi, ya zaunar da yaransa, ya buɗe wa kowannensu shafi da sunansa. Wanda kuma ya san akwai tsohuwar ajiyar yaro a wajensa, ya fara rubuta ta a layin farko, ya sa ranar biya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke samu.