Addu'ar Buɗe Taro da Rantsuwar Kama Aiki

Duk wanda ya taɓa halartar taron gwamnati a Nijeriya ya san yadda ake farawa. Kafin a karanta ajanda sai a nemi Malam ya buɗe da addu'a, idan an gama kuma a nemi Fasto ya rufe. Haka muke yi mu ma a majalisar ƙungiyar ɗalibai. Wasu daga cikinmu suna ganin wannan al'ada ba ta dace da gwamnatin zamani ba, wasu kuwa suna ganin ba ta ma isa ba. Mu a namu ra'ayi, duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki, domin akwai wata addu'a wadda ta fi ta buɗe taro nauyi, kuma ita ce aka fi tozartawa, watau rantsuwar kama aiki.

Gardamar addini da mulki ta daɗe a ƙasar nan. A watan Afrilu na 1978 wakilai Musulmi sun fice daga Majalisar Tsara Tsarin Mulki a kan batun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya. A 1986 aka yi ta cacar baki a kan shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. A watan Maris na 1987 rigimar da ta tashi tsakanin ɗalibai a Kafanchan ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya mana a rai, domin daga harabar makaranta wutar ta kama, a hannun matasa irinmu.

Tsarin Mulki na 1979, da na 1999 wanda ake aiki da shi, sun yi ƙoƙarin raba gardama. Sashe na 10 ya hana Gwamnatin Tarayya ko ta Jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, sashe na 38 na Tsarin 1999 kuma ya ba kowa 'yancin bin addininsa shi kaɗai ko cikin jama'a. Amma wannan Tsarin Mulki bai kori sunan Allah daga harkar mulki ba. Shugaban Ƙasa da gwamna da minista da alƙali duk sai sun yi rantsuwa kafin su hau kujera, Musulmi riƙe da Alƙur'ani, Kirista riƙe da Baibul, suna alkawarin yi wa kowa adalci ba tare da son kai ko nuna bambanci ba, su kuma ƙare da roƙon taimakon Ubangiji. To, mutumin da ya dafa Littafi ya yi wannan alkawari, kashegari kuma ya raba kwangila da ɗan uwansa, me addu'ar buɗe taro za ta ƙara masa?

Magabatanmu ba su ɗauki al'amarin da wasa ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa laifuffukan sarakunan zamaninsa, a ciki har da karɓar gaisuwa da ɗora wa talakawa haraji na zalunci, alhali yawancin waɗannan sarakuna suna salla, suna kuma da limamai a fada. Ƙaninsa Malam Abdullahi, 'yan shekaru bayan an fara jihadi a 1804, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami domin ya koya wa masu mulki haƙƙin da ke kansu. Abin da waɗannan malamai suka auna shugaba da shi shi ne halinsa game da dukiyar jama'a da shari'ar marar gata.

Idan muka ɗauki wannan ma'auni, akwai abubuwa uku da muke kira a gyara. Na farko, a daina mai da salla mafakar lalaci. Sallar Azahar ba ta cin minti ashirin, amma sau nawa tsoho ɗan fansho ya zo daga ƙauye, aka ce masa akawu ya tafi masallaci, ya zauna a benci har aka tashi daga aiki? Haka kuma ma'aikacin da ke rufe ofis domin taron addu'ar safe alhali mutane suna layi. Na biyu, a janye hannun baitulmali daga ibadar da mutum zai yi wa kansa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da tallafin Naira biliyan 90 ga aikin Hajji, alhali Hajji bai wajaba ba sai a kan mai hali, kuma kuɗin na kowa ne, har da majinyacin da ya rasa gado a asibiti. Aikin hukuma shi ne ta tsara tafiya, ta kare mahajjata da masu ziyarar Urushalima; kujera kuwa kowa ya biya tasa. Na uku, shugabanni su daina cewa "sai addu'a" a kan matsalar da aka ware mata kuɗi a kasafi. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

'Yan uwa ɗalibai, gobe mu ne za mu zauna a kan waɗannan kujeru, wasunmu ma sun riga sun fara karɓar albashi. A bar addu'ar buɗe taro a inda take, a taƙaita ta, a kuma ba kowane ɓangare nasa girma. Amma ranar da aka kawo mana fayil ɗin wanda ba addininmu ɗaya ba, ko aka turo mana ambulan a ƙarƙashin tebur, a nan ne za a san ko mun yi imani da abin da muka ce "amin" a kansa da safe. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.