Malamin Barno A Wasan Tebur

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. 'Yan wasa kan kewaye tebur, kowa ya zama wani gwarzo a cikin tatsuniya, ana jefa ɗan ludo don a ga wanda ya dace. Cikin gwaraza iri uku na farko akwai mai addini, sanye da sulke, yana warkar da masu rauni, amma an hana shi takobi.

To, duk saurayin Maiduguri da ke nufin tsara irin wannan wasa da labarin Barno, kada ya ɗauko mai sulken nan ya naɗa masa rawani. Tsangaya tana da nata matakai: kolo, titibiri, gardi, alaramma, har gwani, wanda Barebari ke kira Goni. Ƙarfin malamin Barno kuwa a rubuce yake. Sarakunan Saifawa sukan ba shi mahram, takardar da ta ɗauke masa haraji da fita yaƙi, shi da zuriyarsa. Mai son malamin da ya hau doki, ga Shehu Laminu nan, wanda ya ƙwato Birnin Gazargamu, ya kafa Kukawa a 1814.

Wurin da ke da santsi shi ne ayar Alƙur'ani. Ranar da aka mai da ita makami, ɗan ludo ke faɗin ta ci ko ba ta ci ba, babu maigidan da zai bar wasan ya kwana a gidansa.